Yadda hidimar Sallah ke koyar da ƙananan yara a Damari

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 da hannu yake koyo, tun kafin ya san alli da allo. Ranakun Sallah kuwa gida cike yake da abin taɓawa.

A garin manoma irin Damari da ke ƙaramar hukumar Birnin Gwari, kayan aikin ba sai an saya ba. Karan dawa, idan aka ɓare shi, totuwarsa mai laushi sai ta zama jikin ragon Layya, ɓawon kuma ƙafafu da ƙaho. Yaro yana soka ƙafafun yana ƙirga su har huɗu, yatsunsa kuma na samun ƙwarin riƙe fensir. Amma babba ne zai ɓare, domin ɓawon kara yanka yake yi, ba wasa.

Ranar suyar cincin, a gutsura wa yarinya kwaɓaɓɓiyar fulawa ta murza abinta, nesa da kasko. Dabino ko alewar goron Sallah, a sa ta raba wa 'yan'uwa ɗai-ɗai, lissafin rabawa ke nan. Ƙwayar masara da wake dai kada a bar wa ɗan ƙasa da shekara 3, a hanci yake cusa su.