Masara mai girman amalanke: dabarar da ta girmi kwamfuta

KO a Muchia ko a Kasuwar Sabon Gari, ba wuya ka ga matasa sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna gardama a kan hoto. Wani ya rantse gaskiya ne, wani ya ce haɗi ne. Yau a nuno jaruma a wurin da ba ta taɓa zuwa ba, gobe a nuno manomi rungume da kankana ta fi shi girma. Da yawa sun ɗauka kwamfuta ce ta zo da wannan siddabaru. Ina! Abin ya haura shekara 100.

A garin Ottawa na jihar Kansas a Amurka an yi wani mai hoto, William H. Martin, wanda ake wa laƙabi da "Dad". A 1908 ya fara buga katunan gidan waya, irin waɗanda ake rubutu a bayansu a manna kan sarki a aika ba ambulan. Sai ka ga zangarniyar masara guda ɗaya tak ta cika amalanke, dawaki na ja da ƙyar, ko ƙarti sun taru suna kokawar ɗora albasa ko dankali a kan keken doki. Katunan sun yi kasuwa sosai, har Martin ya yi kuɗi da su.

A garin Waupun na jihar Wisconsin kuma akwai Alfred Stanley Johnson, wanda shi ma ya shahara a harkar. Shi har shirya mutane yake yi kamar darakta: wannan ya ɗaga hannu, wancan ya yi kamar yana nishi da kaya. Sannan yakan sauya sunan garin da ke jikin katin, ta yadda kowane gari zai saya ya yi alfahari wai a gonarsu aka noma.

To, yaya suke yi? Almakashi ne da gam, sai haƙuri. Za a ɗauki hoton mutane da amalanke daga nesa, a ɗauki na masara daf da kyamara don ta fito ƙatuwa. A yanke masarar a manna a kan hoton farko, a gyara gefe-gefen, sannan a sake ɗaukar hoton haɗin gaba ɗaya. Shi ke nan, ƙarya ta yi wanka. Mafi yawan masu saye sun san raha ce, irin cika-bakin manoma da ke son a san ƙasarsu na da albarka.

A fagen fim ma haka. A 1901 Bafaranshe Georges Méliès ya yi wani gajeren fim inda ake hura kansa da zugazugi yana kumbura har ya fashe. Sirrin kawai shi ne an riƙa matso da shi kusa da kyamara a gaban baƙin labule, aka haɗa da wani ɗaukar. Ɓacewar aljani ko boka da 'yan kallo suka saba gani a finafinan Hausa tun zamanin kaset, musamman na barkwanci irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, ita ma tsohuwar dabara ce: a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka.

Abin sha'awa, Arewa ta taɓa samun nata katin da bai buƙaci almakashi ba. Dalar gyada ta Kano, buhu kan buhu har sama, ta fito a katunan gidan waya, mutum a gindinta kamar ɗan tsako. Wannan kam gumin talaka ne. Fari na shekarun 1970 da annobar cutar gyada ta 1975 na cikin abubuwan da suka durƙusar da noman, dalar ta zama tarihi.

Kuma wanda ke son ganin yadda ake ƙara amfanin gona da gaske, ba sai ya yi nisa ba. Daga Muchia, mota ɗaya ce zuwa Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take. Ta samo asali tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan irin masara na SAMMAZ, dawa ta SAMSORG, gyaɗa ta SAMNUT da wake na SAMPEA suke fitowa. Kowane iri sai an shafe shekaru ana gwaji kafin ya isa hannun manomi, kuma har yau ba wanda ya cika amalanke da zangarniya ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne, katin Martin kabewa ya kumbura, bai ɓata sunan kowa ba. Haɗin yau kuwa, da Photoshop ko manhajojin ƙirƙirarriyar basira, fuskar mutum ake ɗauka a ɗora a jikin da ba nasa ba. Hoto ɗaya na iya rusa baiko, ya zubar da mutuncin 'yar fim da iyayenta, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Don haka kafin ɗan kallo ya tura hoto gaba, ya duba inuwa: ta mutum da ta kayan gefe ɗaya suka faɗi? Ya duba gefen jiki, yatsu da rubutun da ke bango. Ya kuma tambayi wanda ya turo daga ina ya samo. In amsar ita ce "ni ma turo mani aka yi", to hoton ya tsaya a nan.