Kwamfutar da Ta Riƙe Tsohuwar Kalmar Sirri

Duk wanda ya saba zama a shagon kwamfuta, a Tsanyawa ne ko a Bichi, inda ɗalibai kan zo duba sakamakon NECO, lalle ya taɓa ganin mutumin da ya rubuta kalmar sirrinsa daidai, harafi bayan harafi, amma na'ura ta kafe cewa ba ta san shi ba. Wani lokaci illar ba mantuwarsa ba ce, haddar na'urar ce. Domin kuwa Windows 7, wadda ta fito a 2009, da waɗanda suka biyo bayanta, suna da taska mai suna Credential Manager, inda ake adana sunan mai shiga da kalmarsa don sauƙaƙa masa. To idan ya sauya kalmar a wayarsa, alhali kwamfuta ba ta da labari, sai ta yi ta miƙa tsohuwar a asirce, har a kulle asusun saboda yawan kuskure.

Maganin ba shi da wuya: a buɗe Control Panel, a shiga taskar, a goge tsohon bayanin, sa'an nan a sake shiga da sabuwar kalma.

Amma kafin a zargi taska, wajibi ne a dubi agogo, abin da masu gyara da yawa kan gafala da shi. Tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, wadda ɗan batirinta mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, takan rikita kwanan wata duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Tsarin tantancewa na Kerberos kuwa, wanda ofisoshi ke aiki da shi, bisa al'ada ba ya lamuntar saɓanin agogo da ya wuce minti 5, sai ya ƙi mai shiga ko da kalmarsa daidai take.