Maganin Fargaba: Taimako da Hatsari

'Yan'uwa, dukanmu mu kan zabura in aka buga ƙofa da ƙarfi. Haka Allah ya halicce mu domin mu tsere wa hatsari. Amma akwai fargabar da kan zauna a zuciya dare da rana ba dalili.

Tun 1963 likitoci ke ba da ƙwayar Valium saboda wannan. Ta kan kwantar da ƙwaƙwalwa, jiki ya saki, zabura ta ragu. Sai dai direban da ya sha ta ba ya taka birki da wuri. In jiki ya saba, barinta farat ɗaya kan kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Haɗa ta da giya kuwa na iya kisa.

Kada mu saye ta a kasuwa. Mu yi addu'a, mu kuma ga likita. Luka ma likita ne.