Tashi Da Faɗuwar Manyan Kantunan Garin Croydon

A cikin watan Satumba na shekarar 2012 ne aka rufe ƙofofin kantin Allders da ke garin Croydon, a kudancin birnin Landan, bayan ya yi shekara 150 cif yana ciniki a kan titi ɗaya. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Mutanen gari kuwa suka rasa wurin da iyayensu da kakanninsu suka saba sayen kayan aure da tufafin makaranta.

Allders irin kantin nan ne da akan raba shi sashe-sashe, watau nan yadi, can takalma, gaba kuma gadaje da kujeru da kayan girki, duk a cikin gini ɗaya, kamar dai yadda Kingsway da Leventis suke a manyan biranen Nijeriya a da.

Jirgin ƙasa shi ne mafarin al'amarin. Da can Croydon ƙaramin garin kasuwa ne a kan hanyar Landan zuwa Brighton, wanda a 1801 mutanensa ba su kai 6,000 ba. Da aka shimfiɗa dogo daga Landan a 1839, sai akawuna da 'yan kasuwa suka riƙa gina gidaje a garin, su tafi aiki birni da safe su komo da maraice. Kafin 1901 jama'ar garin ta haura 130,000, da yawansu masu albashi ne, masu bukatar sutura da kayan ɗaki.

Masu sayar da yadi su ne suka fara cin moriyar wannan cikowa. William Kennard ya buɗe ɗan shagonsa a titin North End a 1853. Joshua Allder ya biyo baya a 1862, a kan titin nan dai, yana sayar da lilin da siliki. Sa'an nan wasu 'yan'uwa biyu, Richard da William Grant, suka kafa nasu, har suka gina katafaren bene a titin High Street a 1894. Sannu a hankali kowannensu ya yi ta faɗaɗa, har shago ya zama kanti.

Kowane kanti da irin mutanensa. Kennards ya shahara wajen araha da nishaɗi, har akan hau da yara kan 'yan ƙananan dawaki a cikinsa domin a jawo iyayensu. Grants kuwa na masu hannu da shuni ne, ya kuma yi suna wajen ɗinki, musamman a zamanin da filin jirgin saman Croydon yake babbar ƙofar shiga Landan, kafin a rufe shi a 1959. Shi ko Allders, girma ya yi ta yi, har aka lasafta shi na uku a Birtaniya, bayan Harrods da Selfridges.

Amma tun ana cikin ganiyar ciniki mallakar kantunan ta fara fita daga hannun 'yan gari. Kamfanin Debenhams ya mallaki Kennards, a 1973 kuma ya shafe tsohon sunan ya sa nasa. Allders ya koma hannun United Drapery Stores a 1958, daga nan sai Hanson a 1983. Ta haka shawarar abin da za a yi da kanti ta koma ofisoshin da ba su san mai saye ba sai a takardar lissafi.

Har ila yau, halin masu saye ya sake. Tsakanin 1968 da 1970 aka buɗe rukunin shaguna na Whitgift a tsakiyar gari. Grants, wanda ya ɗan yi nisa da sabuwar cibiyar, ya kasa jurewa, ya rufe a cikin shekarun 1980, daga baya aka mai da gininsa gidan silima da wuraren cin abinci. Masu mota suka koma manyan shagunan titin Purley Way, inda IKEA ya buɗe a 1992, wasu kuma suka nufi Bluewater, wanda aka buɗe a 1999. Sa'an nan saye ta intanet ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Bashi ya ci kamfanin Allders a 2005, attajiri Harold Tillman ya ceto reshen Croydon, amma shekara bakwai kaɗai ya ƙara.

A watan Janairu na 2013 kamfanonin Westfield da Hammerson suka yi alkawarin kashe fam miliyan dubu don sake gina tsakiyar garin. An yi ta jira, masu haya da yawa suka kwashe kayansu, amma ba a ɗora ko bulo ɗaya ba, har aka janye shirin a 2021. Kafin nan, a 2020, Debenhams, magajin Kennards, shi ma ya rufe.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Dogo ne ya kawo wa Croydon masu saye, mota da intanet suka kwashe su. A cikin sunaye ukun nan da garin ya yi alfahari da su fiye da shekara ɗari, babu ko ɗaya da ya saura yana sayar da ƙyalle.