Motar manhaja ko ta tasha: wacce ta fi arha ga fasinjan Dutsi?

Matasan da suka saba kiran Bolt ko Uber a Abuja da Kano kan tambayi dalilin da ya hana irin wannan sufuri isowa garuruwa kamar Dutsi da ke jihar Katsina. Dalilin yana cikin lissafi: motar tasha kujera take sayarwa, ta manhaja kuwa mota sukutum.

Ƙaramar motar haya da ke bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Shargalle takan ɗauki mutum shida, biyu a gaba, huɗu a baya, duk da cewa ba haka aka ƙera ta ba. Kuɗin mai da na ƙungiya da ribar direba a kan mutum shidan ake raba su. Wanda ya kira mota ta waya shi kaɗai zai ɗauki wannan nauyi, ga kuma kamashon kamfani, wanda kan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kuɗin tafiya. Idan masu nema suka yi yawa, manhajar da kanta take ɗaga farashi.

Amma ba a naira kaɗai fasinjan tasha ke biya ba. Mota ba ta tashi sai ta cika, kuma tasha take sauke mutum, daga nan ya sake hawa acaɓa. Ga ɗalibin da ke da jarrabawa ƙarfe tara, ko mai naƙuda da dare, jiran ya fi kuɗin tsada. Shi ya sa tun kafin zuwan wayar hannu akwai shata: mutum ya biya kuɗin kujerun duka, mota ta tashi nan take. Abin da manhaja ta ƙara shi ne sanin farashi kafin a hau, da sunan direba da lambar motarsa, waɗanda ba ƙaramin abu ba ne a jihar da ke fama da matsalar tsaro.

Babban cikas shi ne dawowa. Direban manhaja a Kano na sauke fasinja ya sami wani a kusa. Wanda ya kai mutum ƙauye a Dutsi, fanko zai dawo, kuma dole wani ya biya man dawowar.

Arhar da aka taɓa gani ma ba ta ɗore ba. A 2019 kamfanin OPay ya shiga Kano da adaidaita sahun da ake kira ta waya, yana cike giɓin rangwamen daga aljihunsa don jawo jama'a. A 2020 ya dakatar da harkar sufurin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobin manhaja sun yi yajin aiki suna neman ƙarin kuɗin tafiya da rage kamasho.

Saboda haka abin da ya fi shafar aljihun mutumin Dutsi ba zuwan Bolt ba ne. Motocin hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, su ne ya kamata a sa wa ido: nawa ne ke bin hanyoyin ƙananan hukumomi, kuma ko suna da lokacin tashi ƙayyadadde. Bas ɗin da ke tashi kan lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba, ita ce za ta rage jira ba tare da an biya kuɗin kujera shida ba, sai dai hakan na buƙatar tallafi a kasafin kuɗin jiha.