Sa sabon rediyo mai taswira a cikin mota

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da mota, ko kana tuƙa ta wani, ko kana koyon aiki a gareji, wannan darasi naka ne. Yau a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ana sayar da wani irin rediyon mota mai allo kamar na salula. Yana kama tashoshi, yana sa waƙa da karatu, yana karɓar kira, yana kuma nuna taswirar hanya. Mutane da yawa suna cire tsohon rediyo su sa wannan. Abu ne mai kyau. Amma in an haɗa shi ba daidai ba, yana shanye batir cikin dare, wani lokaci ma ya sa mota ta kama wuta. To, ga abin da ya kamata ka sani, ko da kanka za ka yi aikin, ko mai gyaran wutar mota za ka ba.

Kafin ka saya

Abu na farko, ka auna ramin da tsohon rediyo yake ciki. Ramin iri biyu ne. Faɗinsu ɗaya, wajen santimita 18. Tsayin ƙaramin santimita 5 ne, ana ce masa DIN 1. Tsayin babban santimita 10 ne, ana ce masa DIN 2. Sunan ya fito daga hukumar awo ta ƙasar Jamus. Yawancin rediyo masu allo DIN 2 ne. In ramin motarka ƙarami ne, babban ba zai shiga ba. Kada ka bari a fasa maka tablo da wuƙa don a cusa shi. Akwai masu ƙaramin jiki da allo a waje, akwai kuma firam na roba da ake yi wa kowace irin mota.

Abu na biyu, ka san ƙarfin wutar motarka. Ƙananan motoci volt 12 suke da shi, rediyon ma na volt 12 ne. Manyan motocin kaya kuwa yawanci volt 24 ne. In aka haɗa rediyo kai tsaye da volt 24, nan take ya ƙone. Sai an sa masa ƙaramin akwati mai rage wuta daga 24 zuwa 12.

Abu na uku, ka ce wa mai shago ya kunna maka shi a gabanka. Ka taɓa allon a kusurwa huɗu ka ga ko yana amsawa. Ka ƙirga kayan da ke cikin kwali: damin wayoyi, eriyar taswira, ƙarafan ɗaurewa da takardar bayani. Kada ka yar da takardar nan, zanen wayoyi yana ciki. Araha dai ba ta ado.

Wayoyi uku da su ne ran aikin

Bayan rediyon za ka ga wayoyi fiye da goma. Kada yawansu ya tsorata ka. Uku ne kawai ke ba shi wuta, kuma a kansu ake samun mafi yawan ɓarna. Kowace tana da launinta, sau da yawa da ƴar takarda mai rubutu a manne. Nan ne karatunka zai yi maka rana.

Rawaya, mai launin ɗorawa: a kanta an rubuta BATT ko B+. Ita ce ke zuwa wurin da wuta take kullum, ko mota na tafiya ko tana tsaye. Da ita rediyo yake riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye.

Ja: a kanta an rubuta ACC. Ita tana samun wuta ne kawai in ka murɗa makulli. Ita ce ke ce wa rediyo ya tashi, ita ce ke ce masa ya kwanta.

Baƙa: a kanta an rubuta GND. Ita ce masu gyara ke kira mas. Ana ɗaure ta ga ƙarfen jikin mota, wurin da babu fenti babu tsatsa.

To, me ke faruwa in an yi kuskure? In aka musanya rawaya da ja, rediyo zai yi aiki, amma duk lokacin da ka kashe mota sai ya manta kome, agogo ya koma sifiri. In kuma aka murɗe rawaya da ja wuri guda aka kai su ga wutar kullum, kamar yadda mai gaggawa yake yi, rediyo ba zai kwanta da kansa ba. Ko allon ya yi duhu, cikinsa yana jan wuta. Mota ta kwana ɗaya ko biyu a tsaye, ka zo da safe ka murɗa makulli, shiru. A cikin gari sai turi. A daji kuwa, nesa da ƙauye, magana ta zama babba. In mas bai kama da kyau ba, za ka ji ƙara tana bin injin, ko rediyo ya riƙa mutuwa in mota ta faɗa rami.

Sauran wayoyi

Takwas na lasifika ne, biyu biyu. Farare na gaba hagu. Masu ruwan toka na gaba dama. Koraye na baya hagu. Masu ruwan shuni na baya dama. A kowane biyu, ɗaya tana da baƙin zane a jikinta, ita ce ta wajen alamar ragi. Kada wayar lasifika ta taɓa ƙarfen mota, kada kuma a haɗa ta da mas. Yin haka yana ƙona abin da ke ƙara sauti a cikin rediyon.

Shuɗiya tana ba eriya ko na'urar ƙara sauti wuta. Mai ruwan lemo tana rage hasken allo in ka kunna fitilu da dare. Akwai wadda ke zuwa ga fitilar baya, don kamara ta nuna maka bayanka in ka sa ribas. Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, ka rufe bakinta da baƙin tef.

Amma ka lura da wani abu. Waɗannan launuka na wayoyin sabon rediyo ne. Wayoyin da ke fitowa daga jikin mota suna da nasu launi, kowane kamfani da irin nasa. Na Toyota daban, na Peugeot daban. Saboda haka ba a haɗa ja da ja don kawai sun yi kama. Ana gwadawa ne da fitilar gwaji ko na'urar awon wuta. Wayar da ke kunna fitilar ko makulli na aljihunka, ita ce ta kullum. Wadda ba ta kunna ta sai ka murɗa makulli, ita ce abokiyar ja.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ƴar mahaɗa da aka yi wa irin motarka. Bakinta ɗaya yana shiga soket ɗin mota, ɗayan yana shiga rediyo, ba a yanka kome. A wasu motocin Jamus, kamar Volkswagen da Opel, wurin rawaya da na ja a juye suke a cikin soket, shi ya sa mahaɗar take da wurin musanya su. A motoci da yawa na bayan shekarar 2000 kuma, babu wayar makulli sam a bayan rediyo, kwamfutar mota ce ke ba da umarni. Irin waɗannan suna buƙatar wani ƙaramin akwati da ake kira kanbus. Shi ne kuma ke sa maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki.

Gargaɗi babba

A ƙarƙashin tablo da kusa da sitiyari akwai wayoyi da aka naɗe da rawayar roba, masu rawayan soket. Waɗannan na jakar iska ne, wadda ke buɗewa ta tare direba in an yi hatsari. Ba su da alaƙa da rawayar wayar rediyo. Kada a yanke su, kada a sa musu fitilar gwaji. Jakar tana iya fashewa a fuskar mai aiki, ko ta ƙi buɗewa ranar da ake bukatarta.

Yadda ake aikin, mataki mataki

1. Ka tsayar da mota a inuwa, ka ja birkin hannu. Ka ciro tsohon rediyo a hankali. Robar tablo da ta sha rana tana karyewa da sauri, sai ka naɗe bakin turnabis da tsumma.

2. Ka gwada wayoyin mota, ka gane ta kullum da ta makulli. Ka rubuta sunan kowace a ƴar takarda ka manna mata.

3. Ka kashe mota, ka cire makulli, ka kwance kan batir na wajen alamar ragi. Kada ka yanke ko ka haɗa waya sai ka yi wannan.

4. Ka haɗa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mahaɗi mai kyau shi ne wanda aka liƙe da dalma, ko aka matse da ƴar mahaɗar ƙarfe, sannan aka rufe. Murɗawa da hannu a naɗe da leda ba aiki ba ne. Zafi yana kwance tef mai araha, girgizar hanya tana kwance murɗi.

5. Ka duba fizibil. A bayan rediyo ko a kan rawayar waya akwai shi, yawanci na ampa 10 ko 15. In an jawo waya kai tsaye daga batir, dole a sa fizibil kusa da batir ɗin. In ya ƙone, ka sa mai lamba irin tasa. Kada ka yarda a sa zaren waya ko takardar kwalin taba a madadinsa. Fizibil yana ƙonewa ne don mota ta tsira. In babu shi, wayar ce za ta yi ja, robarta ta narke, wuta ta tashi a bayan tablo inda hannu ba ya kai.

6. Ka mayar da kan batir. Tun ba ka ɗaure rediyon ba, ka gwada shi. Murɗa makulli: ya tashi? Cire makulli: ya kwanta? Ajiye tasha guda, kashe mota, sake kunnawa: tashar tana nan? Saurari lasifika huɗu ɗaya ɗaya.

7. In kome ya yi, ka tattara wayoyi ka ɗaure su, kada su goga ƙarfe mai kaifi. Ka bar wa rediyon wurin shan iska a baya, don zafin watan Afirilu da Mayu ba wasa ba ne. Sannan ka ɗaure shi da kusoshinsa.

Wajen kama tashoshi, ka shiga saituna ka zaɓi yankin Turai ko Afirka. Tashoshin FM namu suna tsakanin lamba 87.5 da 108. In aka bar shi a kan tsarin Amurka, yana tsallake wasu tashoshi. Tsofaffin rediyon da aka yi don cikin Japan kuwa daga 76 zuwa 90 kawai suke kamawa.

Yaya yake sanin inda kake?

A cikin kwali akwai wani ɗan baƙin abu mai doguwar waya, bai wuce akwatin ashana ba. Shi ne eriyar GPS. Tsarin GPS na ƙasar Amurka ne. Taurarin ɗan Adam ne, aƙalla 24, suna zagaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000 daga ƙasa. Ya kammala fara aiki a 1995, kuma a shekarar 2000 aka daina rage wa farar hula daidaitonsa. Rasha, Turai da Sin ma kowa yana da irin nasa. Kowane tauraro yana aiko da lokaci da wurin da yake. In eriya ta ji huɗu a lokaci guda, sai rediyo ya yi lissafi ya gane inda motar take. Ba a biyan ko dala, ba ya kuma bukatar layin salula.

Sai dai eriyar tana son ganin sama. Saƙon yana ratsa gilashi da roba, ba ya ratsa ƙarfe. Ka manna ta a saman tablo, kusa da gilashin gaba. Ranar farko ka fitar da mota fili, ka jira ƴan mintoci kafin ta kama.

Taswirar kanta kuwa wani abu ne daban. Tauraro yana faɗa maka inda kake, amma zanen hanyoyi sai an saukar da shi daga intanet. Tun kana gari ka saukar da taswirar Nijar ka ajiye a cikin rediyon, don in ka bar babbar hanya layi yana yankewa.

Kada kuma ka ba allo amanarka duka. Hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, taswira ta san ta sarai. Hanyar ƙauye fa? Ba ta san koramar da ta cika jiya ba, ba ta san inda rairayi ya rufe ba, ba ta san wurin da babu tsaro ba. Wannan sai direbobin tasha da mutanen gari. Matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe, ka rubuta inda za ka tun mota tana tsaye. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In ka kalli allo daƙiƙa 4, ka yi mita 100 ba ka ga hanya ba. A cikin mita 100 ɗin nan akwai amalanke, akwai garke, akwai yaro. Wasu rediyo suna da wayar da ke zuwa birkin hannu, don fim ya ƙi fitowa in mota tana tafiya. Kada ka ce a kashe maka ita. Allah ya kai mu gida lafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin DIN 1 da DIN 2?
2. Faɗi aikin rawayar waya, da ja, da baƙa.
3. Me ke samun batir in an haɗa rawaya da ja wuri guda?
4. Don me ba a sa zaren waya a madadin fizibil?
5. Mota tana gudun mita 25 a daƙiƙa. Mita nawa za ta ci cikin daƙiƙa 6?