Jan da ke hawa fata da kifin gishiri: su wa ke wannan aiki?

Masu sayar da fata da kifin da aka yi wa gishiri, daga babbar kasuwar Maradi har kasuwar Dole ta Damagaram, sun san wannan asara: a ajiye kaya lokacin zafi da laima, in an buɗe sai a tarar ja-ja ya hau su, ga yauƙi ga wari, mai saye ya karya kuɗi. Mu dai mun tashi da sanin gishiri ke hana ruɓa. To ashe akwai ƙwayoyin halitta da gishirin ne gidansu, sau da yawa ma a cikinsa suke zuwa tun daga inda aka shanya shi. Masana na kiran su arkiya.

Ido ba ya ganin su sai da madubin likita, kuma an daɗe ana lissafa su cikin bakteriya don sun yi kama. A 1977 ne wasu masana biyu na jami'ar Ilinoyi ta Amurka, Carl Woese da George Fox, suka binciki ƙwayoyin gadonsu suka ga ba dangi ɗaya ba ne. A 1990 aka kasa masu rai gida uku: bakteriya, arkiya, sai gidan da ya haɗa mutum da dabba da tsiro. Abin mamaki, arkiya sun fi kusa da gidanmu. Wasu da aka gano a ƙarƙashin teku tsakanin Norwe da Girinlan a 2015 sun ƙarfafa ra'ayin masu cewa daga cikinsu gidan namu ya tsiro.

Wurin zamansu kuwa sai wanda ya gani. Akwai masu zama a tabkunan kanwa irin Magadi na Kenya, akwai wadda aka ga tana hayayyafa a zafin digiri 122, inda ruwan tukunyar tuwo ke tafasa a 100. Wasu na cikin tumbin shanu, su ke yin iskar gas ɗin da ake samu daga kashin shanu a yi girki da ita. Har yau ba a tabbatar da ko ɗaya da ke sa wa mutum cuta ba.

Mu koma rumfa. Masu jan nan ba su jure ruwan daɗi, fashewa suke yi, kuma sanyi na hana su yaɗuwa. Saboda haka a wanke ɗakin ajiya da ruwan famfo ya bushe sarai, a sa kaya inda iska ke kaɗawa, kuma kada a zuba gishirin da ya yi ja a kan sababbin kaya, komai tsadar buhu.